Tallan fim da fim ɗin kansa: me kuka gani a talla, me kuka tarar?

Tela a Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa a kan abu ɗaya: ka ga tallan fim, ranka ya biya, ka ƙosa ranar fitowa ta zo, sannan ka zauna ka kalla. Me ka tarar? Wanda fim ya ba shi haushi ya faɗi abin da ya faru amma kada ya kama suna, don ba zagin kowa muka zo yi ba. Wanda ya ji daɗi kuma ya yaba da suna, babu laifi.

Ni a shago muke kallo da yarana, waya a jingine jikin keken ɗinki. Akwai wani mai dogon zango da tallansa ya nuna kotu: alƙali ya buga guduma, uwa ta yanke jiki ta faɗi, 'yan sanda sun tasa saurayi a gaba. Saboda wannan kotun muka bi shi mako bayan mako. Abin da aka cika mana ido da shi shi ne mota ta tsaya a ƙofar gida, an yi hon, maigadi ya taso ya buɗe get, Alhaji ya fito, ya rufe mota, ya taka har falo, ya yi sallama, ya zauna, sannan a soma ina gajiya, ya gida, ya yara. Kotun ba ta zo ba sai a mintunan ƙarshe na kashin ƙarshe, alƙali yana ɗaga guduma aka rubuta mu haɗu a zango na gaba. Wallahi ranar na ji an raina mana hankali.

Uwar gida daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam tela, abin nan ba yau ya fara ba. Mu da muka yi zamanin kaset mun sani, kafin fim ya soma sai ka sha talla kusan rabin awa, ga mai magana da muryar nan tasa mai kauri yana jero sunayen 'yan wasa, yana cewa yana nan fitowa. Kuma a lokacin waƙa ce talla. In waƙar ta yi daɗi, gobe yara na rera ta a hanyar islamiyya, mu kuma mu aika a karɓo mana haya. Sau da yawa za ka ga waƙar ba ta da haɗi da labarin ko kaɗan, yarinya tana cikin takaba a labari, sai ga ta a lambu ta canza kaya kala huɗu.

Amma ni tun a lokacin fuska nake bi, ba waƙa ba. In na hango marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, a talla, na san ko labarin bai yi ba zan samu abin kallo. Matar nan in ta fito a uwar miji, tun kafin ta buɗe baki, yadda za ta gyara ɗaurin ɗankwali ta kalli suruka daga sama har ƙasa ya isa ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Da ta rasu cikin azumin 2024 na yi kuka kamar 'yar'uwata ce ta jini. Allah ya jiƙanta da rahama.

Mai haɗa talla, Zoo Road:
Amin, Hajiya. Tunda sana'ata ake magana a kai, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, ba don in wanke kowa ba.

Mafi yawan lokaci ana kawo mini aikin talla ne fim bai gama haɗuwa ba. Wani lokacin ma ba a gama ɗauka ba. Furodusa zai turo abin da ke hannu ya ce a fitar da minti biyu kafin Juma'a, saboda da tallan zai je wurin masu ba da tallan kaya su sa kuɗi a ƙarasa aikin. Wannan gado ne tun zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke sayen fim: a fara ɗaukar waƙa, a yanka talla, ɗan kasuwa ya gani ya ba da kuɗi, sannan a je a yi sauran. To in ka ga fitowa a talla ba ka gan ta a fim ba, ba kullum ba ne yaudara. Na taɓa sa wata fitowa mai kyau ƙwarai a talla, da aka zo tace fim aka tarar ƙarar janareton maƙwabta ta cinye maganar gaba ɗaya, jarumar kuma ta yi tafiya, dole aka cire. Wata kuma hukumar tace fina-finai ce za ta ce a cire. Kun tuna a watan Mayun 2025 hukumar ta Kano ta dakatar da masu dogon zango 22 a lokaci guda, har da manya irin Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun kai fim a duba kafin a sake shi. Tun daga nan kowa ya ƙara taka-tsantsan.

Maganar jan labari kuwa, Malam tela, gaskiyarka ce, kuma dalilinta kuɗi ne. A YouTube sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya saka talla a tsakiyarsa, kuma iya daɗewar mutane suna kallo iya yadda manhajar za ta tura shi gaban wasu. Ga masu maganin gargajiya da masu sayar da filaye da atamfa da suka biya a saka su a kowane kashi. Labarin da zai ƙare a kashi shida sai a ce a mayar da shi goma sha uku. Buɗe get ɗin nan da ya dame ka, shi ne mafi arhar abin da za a ɗauka: ba rubutu, ba haddar magana.

Tela a Fagge:
Na gode da wannan bayani, ɗan'uwa, na ƙaru. Batun janareto da hukuma na karɓa. Amma wanda ya ɗauko fitowar kashin ƙarshe ya sa a tallan kashin farko ya san abin da yake yi. Mai tumatir ne da ya jera manya a saman kwando.

Ɗalibi a BUK:
Ni nawa labarin na daɗi ne. Da na ga tallan Mai Martaba a 2024, dawakai, fada, rawuna, mayaƙa cikin ƙura, na ce a raina an tattara duk abin da aka kashe wa kuɗi an zuba a minti biyu, sauran zai zama zaman ɗaki. Na shiga sinima da wannan zaton, kuma gani ya kori ji. Abin da talla ya nuna shi ne jikin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. A Daura aka ɗauke shi, Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, labarin rikicin gadon sarauta ne, kuma in ka cire Adam A. Zango yawancin fuskokin sababbi ne. Wannan ya taimaka, don ba ka kallon mutum kana tuna rawar da ya yi a wani fim. Fim ɗin ne Najeriya ta tura gasar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje a shekarar. Bai shiga jerin 15 da aka tace ba, amma ni dai na fito ina jin an girmama kuɗin tikitina.

Abin da na lura da shi, kallo a sinima yana tona asirin sauti. A waya ba ka damuwa in murya ta yi ƙasa, a babban ɗaki kuwa ko numfashin ɗan wasa kana ji. Na taɓa shiga wani fim ɗin Sallah da tallansa ya cika gari, ana cikin maganar soyayya kiɗa ya danne muryoyin, mutanen da ke bayana suka yi ta tambayar juna me ya ce. Rabin ɗakin ya koma danna waya.

Malamar firamare, Gusau:
Ƙanena ɗalibi, na yarda da kai a kan sauti, amma ina ganin duk muna ɗora wa talla nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Talla mari yake so, da kuka, da ihu, da "na sake ki". Iya wasa kuma sau da yawa a shiru yake. Ku ɗauki Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu cikin Labarina. Wane daƙiƙa goma za ka yanko ka nuna abin da mutumin nan yake yi? Daɗinsa a hankali yake shiga: yadda zai sassauta murya in yana neman abu a hannunka, ya yi 'yar dariyar nan, ya kawar da kai, kana ganin ƙaryar a fuskarsa amma ka kasa tsanarsa. Kowa a unguwarsu akwai irinsa. Ban taɓa jiran fitowarsa saboda talla ba, amma shi ya riƙe ni.

Haka lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. A ɗakin malamai mun yi musu sosai tun daga ganin talla, wasu suka rantse sun daina kallo tun ba su ga kashi ɗaya ba. Ni na ce a bari a gani. Abin da na fahimta shi ne ba gwanintar ɗaya ko ɗaya muke musu a kai ba, sabo ne. Mun yi shekara da shekaru muna jin Sumayya da murya ɗaya, kunne bai saki da wuri ba. Wannan ba abin da mai haɗa talla zai iya yi a kai.

Kuma 'yan wasanmu in sun samu rubutu mai kyau da darakta mai haƙuri suna yi. Maryam Booth ta ci kyautar mataimakiyar jaruma a AMAA, gasar fina-finan Afirka, a 2020 da The Milkmaid, fim ɗin da aka ɗauka a Taraba. Ita ce dai wadda muka saba gani, ba wata aka sauko da ita daga sama ba. Lokaci aka ba ta da labari.

Ɗan kasuwa daga Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan matsalarmu ta fi ta talla, hoton da ake liƙawa a gaban bidiyo ne. Data na da tsada, ga wutar da ba ta zama. Za ka ga hoton babban jarumi da hawaye a fuska, an rubuta sabon fim, ka sayi data ka buɗe, sai ka tarar tsohon fim ne da ka kalla tun zamanin faifan CD aka canza masa suna. Wani kuma sabo ne, amma jarumin da ke hoton sau ɗaya ya fito, ya amsa waya a cikin mota, shi ke nan. Shi ya sa yanzu na koma wurin masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Yaron da nake zuwa wurinsa yana kallon komai kafin ya tura, in na miƙa waya sai ya ce Alhaji wannan bar shi, wannan kuma ɗauki. Bai taɓa sa ni asara ba. Na san masu fim ba su son wannan hanya don ba abin da ke shiga aljihunsu, kuma suna da gaskiya, amma su ma su dubi abin da ke kore mu daga tasoshin.

Mai haɗa talla, Zoo Road:
Alhaji, yawancin masu canza wa tsohon fim suna ba masu fim ɗin ba ne, wasu tasoshi ne da ke kwashe aikin mutane. Ka riƙa duba sunan tashar, in ba ta kamfanin da ya yi fim ɗin ba ce kada ka ɓata datarka.

Mai gyaran waya, Kaduna:
Ni mutumin fassarar Indiya ne, amma bari in sa baki a kan maganar Malam tela ta yanke labari a tsakiya. Bahubali na farko ya fito a 2015, ya ƙare a kan tambayar me ya sa Kattappa, amintaccen bawan gidan sarauta, ya kashe ubangidansa, ba a ba da amsa ba sai a na biyu a 2017. Shekara biyu muna musu a shago, har da masu cewa asiri aka yi masa. Ba wanda ya ce an cuce shi, domin kafin a kai wurin an ba ka yaƙi, an ba ka labari, ka ƙoshi. Jira ba ya ba ni haushi. Abin da ke ba ni haushi shi ne in jira mako guda in samu kashin da in na tsallake shi ban rasa komai ba.

Uwar gida daga Zariya:
Ɗana mai haɗa talla, tambaya gare ka. In furodusa ya ce ka sa abin da ka san babu shi a fim, kana da bakin cewa a'a?

Mai haɗa talla, Zoo Road:
Hajiya, ina faɗa, amma ba kullum ake ji ba, don mai kuɗi shi ke da magana ta ƙarshe, kuma in na ƙi akwai yara da kwamfuta a layinmu da za su yi a rabin kuɗin. Abin da na tsayar wa kaina shi ne ba na karɓar aiki sai an ba ni kashi uku na farko na kalla, kuma daga cikinsu nake yanka tallan farko. Wasu sun daina kawo mini aiki saboda haka. Akwai wanda nake haɗawa yanzu na bayan Sallah, na roƙi daraktan ya bar ni in sa wata fitowa da uba da 'yarsa ke zaune a tsakar gida suna magana a hankali, ba kiɗa ba mari, kusan rabin minti. Ya ce zai yi shawara da furodusa zuwa jibi.