Magani ne ke canza bakteriya, ko da ma a canje take?

Assalamu alaikum malamaina. Ina ajin Tarminal D (ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya) a nan Damagaram, wani darasin SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) ya cije mini.

Na gane bakteriya rabuwa biyu take yi, kuma wajen kwafar ADN (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) akan samu kuskure, daga nan bambanci ke shigowa. Takan kuma karɓi filasmid (ɗan guntun ADN) daga ƴar'uwarta.

Amma masana kimiyya Luria da Delbrück sun nuna a 1943 cewa canjin da ke sa bakteriya ta jure wa bairas mai kashe ta na aukuwa tun kafin bairas ɗin ya taɓa ta. In haka abin yake da maganin kashe bakteriya irin su amoksisilin, don me likitoci ke cewa shan magani barkatai ne ke kawo turjiyar bakteriya ga magani? Abin na damuna, ga kafso ja da rawaya ana talla kan tire unguwa-unguwa. Don Allah ku warware mini kafin jarrabawar BAK ta kammala sakandare.