Wa Ya Taka Birkin?

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum. Jiya da la'asar, kusa da gadar Kawo, wani yaro ya faɗo gaban kekena. Allah ya tsare. Amma barci ya ƙaurace mini, shi ya sa na zo da abin a waƙe.

Da sunan Allah zan soma tambayawa,
Shi ya yi ni, ya ba ni numfasawa.
Yaro ya ɓullo titi ba ya dubawa,
Ƙafa ta taka birki kafin ganewa.
To wa ya ceci yaron, ya 'yan'uwa?
Ni ne, ko ƙafar da ba ta shawartawa?
In ƙafa ce, wa ke da ladan karɓawa?
Da na buge shi fa, wa ake kamawa?

Malamin Kimiyya, Malali:
Barka da arziki, ɗan'uwa. Tambayarka ta taɓa shiga ɗakin gwaji. A 1983 Benjamin Libet, a Amurka, ya manna wa mutane wayoyin na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa a ka, ya ce kowa ya motsa hannu sa'ad da ya ga dama, yana kallon agogo. Da milisakan ya auna, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Ƙwaƙwalwa ta soma shirin motsawa
Milisakan 550 kafin ɗagawa,
Shi ko mutum bai ji niyya na tasowa
Sai saura 200 ga aikatawa.
Sulusin sakan ke nan tana rigayewa,
Kai kana baya, labari kake karɓawa.
Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa biliyan 86 ke aikawa,
Da wuta da sinadari suke gaisawa.

Nas, Unguwar Rimi:
Malam, ban musa maka lissafi ba. Sai dai na daɗe a ɗakin tiyata, kuma abin da nake gani kullum ya fi wannan ɗaure kai.

Na ga an yi allura, bai ƙirga goma ba,
Ido ya rufe, wuƙa ta shiga bai ji ba.
Na'ura ta nuna bugun zuciya, ba ta ɓoye ba,
Iskar jini da numfashi, ba ta yi ƙarya ba.
Amma ina shi kansa ya je, ba ta faɗa ba,
Awa uku ta shige, bai san ta wuce ba.
Ya farka yana kiran Inna, bai manta ta ba,
Wa ya ajiye masa sunan, allo bai nuna ba.
Zafin da yake ji, waya ba ta ɗanɗana ba,
Sai mu ce: ɗaya zuwa goma, nawa ne Baba?
In bai faɗa da bakinsa ba, ba mu sani ba,
Duk kayan aikinmu ba su shiga can ba.

Alaramma, Tudun Wada:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruhi, sai aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta sauka: ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimi kaɗan aka ba mu. Kai kuma ɗana na Kawo, saurara.

Jabariyya sun ce bawa ba shi zaɓawa,
Kamar kara ne, kogin Kaduna na ja wa.
Ƙadariyya sun ce shi ke ƙagawa,
Ash'ari ya tsaya tsaka yana rabawa:
Allah ke halitta, bawa ke kasabtawa, wato zaɓa da aikatawa,
A kan kasabinsa ake tuhumawa.
Hannun mai makyarkyata yana kaɗawa,
Hannun mai sadaka yana miƙawa,
Duka motsi ne, amma kana bambantawa,
Ba wanda ya koya maka, ciki ke sanarwa.

Malamin Kimiyya, Malali:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Shi kansa Libet bai ce babu zaɓi ba.

Ya ce akwai ɗan tsakani na fasawa,
Ƙwaƙwalwa ta shirya, kai kana hanawa.
Kuma motsa hannu ba dalili ba hujja,
Daban yake da aure ko yafewa.
Ina auna wutar kai, ina zanawa,
Yadda ta zama jin tsoro, nan nake tsayawa.

Ɗan Kawo:
Na gode, malamaina. Kun tuna mini wani abu da na mance.

Makon jiya birkin nan yana kukawa,
Kuɗin cefane ne kaɗai a aljihuwa.
Na kwana biyu zuciya na jayayyawa,
Na nufi Panteka na ce a canzawa.
Wannan kam ni ne, ina tunawa,
Har Maman yara ta yi ta tambayawa.
Anti Nas, saura ɗaya nake roƙawa:
Tun jiya hannuna bai daina rawa,
Fuskar yaron nan ce ke ta dawowa.
Masu farkawa a wajenku bayan yankawa,
Akwai wanda ya ce ya ga wani abu kuwa?