"Reordering" da Hausa: kalma ɗaya ko biyu?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Ana rubuta bayanin Hausa a kan MPTCP, tsarin da ke ba waya damar tura bayanai ta Wi-Fi da 4G a lokaci guda, to aiki ya tsaya a kan kalmar "reordering". Ga abin da ke faruwa. Duk abin da za a tura ana yanka shi fakiti-fakiti, a yawancin layuka kowanne bai wuce bait 1,500 ba. In hanya ɗaya ce, galibi yadda suka tashi haka suke isa. In biyu ce, na 1 da na 3 su bi Wi-Fi, na 2 ya bi 4G mai ɗan nawa, sai na 3 ya riga na 2 isowa. Manhaja kuwa ba za a miƙa mata na 3 ba sai na 2 ya zo. Ni dai na ce mu kira shi "daidaita sahu". Me kuka gani?

Malama Bakanuwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ban goyi baya ba. Duk wanda ya zauna a Kano, da ya ji "a daidaita sahu" babur mai ƙafa uku ne zai faɗo masa a rai. Ko an bar wannan, sahu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, babu na ɗaya babu na biyu a cikinsa. Abin da muke nema shi ne wane gaba, wane baya. Wannan "jeri" ne.

Injiniya:
Malama ta yi gaskiya, jeri ne. Amma akwai abin da ya fi wannan: kalmar turancin tana ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna, kuma bai kamata mu gaji wannan ruɗanin ba. A Linux akwai saiti mai suna tcp_reordering, wanda asalinsa 3 ne. Can ana nufin cutar, wato yadda hanya ke sa fakitoci su riƙa wuce juna. A "reordering buffer" kuma ana nufin maganin, wurin da mai karɓa ke mayar da su yadda suka tashi. Dole kalma biyu.

Ga dalilin da ya sa cutar ke da illa. TCP na gargajiya, wato ƙa'idar da ke tabbatar da bayanai sun isa cikakku kuma a jere, idan ya ga mai karɓa ya maimaita amsa iri ɗaya sau uku, yana cewa har yanzu na 2 yake jira, sai ya ɗauka fakitin ya ɓata. Ya sake tura shi, ya kuma rage gudunsa kusan rabi, alhali fakitin yana nan tafe. Shi ya sa in aka haɗa layuka biyu ana rarraba musu fakitoci ɗaya nan ɗaya can, kamar yadda balance-rr ke yi a Linux, gudun ba ya ninkuwa yadda aka sa rai. LACP, wata ƙa'idar haɗa layuka, kauce wa matsalar yake yi gaba ɗaya: kowace hira tsakanin na'urori biyu layi ɗaya take bi daga farko har ƙarshe, don haka ba ta samun ƙarfin layi na biyu.

MPTCP, wanda aka fara fitar da ƙa'idarsa a 2013 aka sabunta a 2020 da takardar ƙa'ida mai suna RFC 8684, lamba biyu yake amfani da su. Kowane reshe, wato ɓangaren hirar da ke bin hanya ɗaya kamar Wi-Fi ko 4G, yana da tasa lambar mai bit 32, kamar kowane TCP, domin na'urorin tsaro da ke kan hanya su ga lissafi a jere ba giɓi, kada su zubar da fakitin. Sai wata lamba mai bit 64 ta hirar baki ɗaya, wadda da ita ake haɗa abin da rassan suka kawo. A kula, bait ake ƙirgawa ba fakiti ba, don haka kada a rubuta "lambar fakiti". Ina ba da shawarar "lambar jerin reshe" da "lambar babban jeri".

Ɗan Damagaram:
Injiniya, Allah ya ƙara sani. Lambobin biyu sun zauna mini. Ni wurin ajiyar nake so mu raɗa wa suna, kuma na zaɓi "zauren jira". Baƙon da ya riga mai gida isowa a zaure yake zama, ba ya wucewa ciki. "Ma'ajiya" ta yi faɗi, mun riga mun ba wa faifan kwamfuta ita.

Girman zauren ba da ka ake yanke shi ba. Lissafin da aka saba: a tara gudun dukkan hanyoyin, a ninka da lokacin kai-da-komo na hanyar da ta fi nawa, a sake ninkawa biyu. A ce Wi-Fi na ba da megabit 20 a sakan, kai-da-komonsa milisakan 30. 4G na ba da megabit 10, nasa milisakan 120. Jimla 30. Sau 0.12 (milisakan 120 ɗin a sakan), sau 2, ya zama megabit 7.2, wato kilobait 900, fakiti fiye da 600 ke nan. Nan wajenmu inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke hawa da sauka, wannan 120 ɗin na iya tsallakawa zuwa ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido, zauren da ya isa da safe ya kasa da yamma.

In ya cika, mai karɓa zai sanar cewa ba shi da wuri, mai turawa ya tsaya cak, har Wi-Fi mai saurin ma ya zauna ba aiki saboda fakiti ɗaya da ya maƙale a 4G. A nan ne hanya biyu ke zama ƙasa da ɗaya. Magani uku ake haɗawa: a fara cika reshen da ya fi saurin amsawa kafin a ba ɗayan, a sake tura abin da ya maƙale ta reshe mai sauri ba tare da jiran hukuncin ɓata ba, a kuma rage rabon reshen da ya jawo tsaikon. Wannan yanayin ma yana son suna. Na ce "tsaikon na gaba".

Bakatsine:
Na janye sahu. Zauren jira ya yi, tsaikon na gaba ma ya yi. Saura manyan biyun. Ga cutar "hargitsewar jeri", ga maganin "sake jeri". Malama?

Malama Bakanuwa:
Duka biyun suna son gyara, Malam. Hargitsi babban abu ne, komai ya dagule. A misalin da ka kawo fakiti ɗaya ne kawai ya wuce ɗan'uwansa, kuma Injiniya ya nuna mana ana auna abin da lamba, 3 ko sama. Kalmar da ke karɓar ƙarami da babba ita ce "saɓani": saɓanin jeri kaɗan, saɓanin jeri mai yawa. "Sake jeri" kuma mai karatu zai fahimci sabon jeri aka ƙirƙiro, kamar an sake shiri. Mai karɓa ba shi da wannan ikon, na asali yake dawo da shi. "Maido da jeri" ya fi. Gwada a jimla: idan saɓanin jeri ya yi yawa, zauren jira yakan cika kafin a maido da jeri.

Injiniya:
Na amince da duka. Abu ɗaya za a ƙara a bayanin. MPTCP ba ya tsallake giɓi, zai jira har abin da ya ɓata ya iso. Kiran murya da bidiyon kai tsaye ba sa iya wannan haƙurin. Su zaurensu yana da agogo: in lokacin da aka ɗiba ya cika na 2 bai zo ba, a saki na 3, in na 2 ya iso daga baya a yar da shi. Wannan lokacin a kira shi "wa'adin jira". Kada a sa shi ƙasa da bambancin jinkirin hanyoyin biyu, in ba haka ba duk abin da ya bi hanya mai nawa zai iso bayan an rufe masa ƙofa, a biya kuɗin data a kan abin da ba a yi amfani da shi ba.