Neman shawara: me ya sa kaya ke ɓacewa idan gwamnati ta ƙayyade farashi?

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar farko a karatun tattalin arziki, jarrabawa saura mako biyu. Malaminmu ya ce idan gwamnati ta sa wa kaya farashin da ke ƙasa da na kasuwa, ƙarancinsa ke biyo baya. Na haddace, amma zuciyata ta ƙi yarda. Ai talaka ake son taimaka wa. Don Allah a warware min, kuma yaya zan amsa idan ta fito?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye haddar tukuna. A ce mutum yana kashe 80 wajen haɗa abu, yana sayarwa 100, sai doka ta ce kada ya wuce 70. Duk guda ɗaya da ya sayar ya yi asarar 10. Gobe zai rage yi, ko ya daina. Su kuwa masu saye, da suka ji an yi araha, har wanda bai da niyya zai fito. Buƙata ta ƙaru, kaya sun ragu. Wannan giɓin shi ne ƙarancin.

An gani a Amurka. A Agustan 1971 Shugaba Nixon ya hana ƙara farashi da albashi na kwana 90, ya sake hana ƙara farashi kaɗai na kwana 60 a 1973. A karo na biyun, wasu masu kiwon kaji sun riƙa kashe 'yan tsaki, domin kuɗin ciyar da su ya fi abin da doka ta yarda a sayar da kaza. Da rikicin mai ya zo a ƙarshen shekarar, aka yi dogayen layuka a gidajen mai, har wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota.

Ɗan kasuwa: Gaskiya ne Malam. Kayan ba sa ɓacewa gaba ɗaya, bayan fage suke komawa, da tsada fiye da da. Mai hanya ya samu, talakan ya kwana a layi.

Wata 'yar uwa: Malam, a yi min afuwa, akwai saura. Ingila ta ƙayyade farashi a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ta haɗa da katin rabo tun 1940, kowa da kasonsa, ba a gama janye shi ba sai 1954. Ƙanwata, tausayinki yana kan hanya. Abin dubawa shi ne dabarar: ƙayyadewa zalla, ko tallafa wa masu samar da kaya, ko ba mabuƙata kuɗi a hannu. Kowace da nauyin da take ɗora wa baitulmali.

Tsohon malami: Kin cike min giɓi, na gode. 'Yata, a jarrabawa zana layin buƙata da na samarwa, ki ja layin farashin gwamnati a ƙarƙashin inda suka haɗu, ki nuna tazarar da ke tsakanin layukan biyu a wannan farashin, ita ce ƙarancin. Idan a samansa kika ja, dokar ba ta taɓa komai ba, nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.

Ɗaliba: Allah ya saka da alheri. Na zana yanzu, tazarar ta fito. Harajin shigo da kaya ma haka ake zana shi?