Dole ne sai an cire ɓoye bayanai kafin a mayar da domen wani kamfani?

Bakano_Jidda:
Assalamu alaikum malamai. Akwai domen (wato sunan adireshin shafin intanet) .com na wani ofishin masaukin masu Umra da ake son ɗaukewa daga kamfanin rajistar da yake a kai shi wani. Saura wata uku wa'adinsa ya cika. Kamfanin ya ce ba zai ba da lambar izini ba, wato lambar sirrin da ake bukata don ɗauke domen, sai an kashe tsarin ɓoye bayanan mai domen. Kuma imel ɗin da ke cikin rajistar tsoho ne, ba mai buɗe shi, ana son a sauya shi. Wanne za a fara yi? Ana gudun kada shafin ya tsaya ana dab da azumi, lokacin da ciniki ya fi yawa.

Malam_Riyad:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada a taɓa imel ɗin nan tukuna, don nan ne tarkon yake.

Tun Disamba 2016 dokar ICANN, hukumar da ke tsara harkar domen, ta ce idan aka sauya sunan mai domen, ko sunan kamfaninsa, ko imel ɗinsa, to canjin mallaka ne, kuma kamfanin rajista zai hana ɗauke domen ɗin har kwana 60. Dokar ta yarda kamfani ya ba mutum zaɓin ƙin wannan kulle, amma kafin a yi canjin ake zaɓa. In an riga an danna, an makara. Ba kowane kamfani ne ke ba da zaɓin ba ma.

Ɓoye bayanan kuwa iri biyu ne, kuma masu sayar da shi ba sa damuwa su bambance wa mutum. A na farko sunanka ne a rajista, adireshi da waya da imel kawai ake musanyawa da na kamfani. A na biyu wani kamfani ne wakili, shi ke riƙe da domen ɗin a rajista, kai kuma yarjejeniya ce ta ba ka damar amfani da shi. Idan ka kashe na biyun, suna da imel duk sun canza lokaci ɗaya, kuma na'urar wasu kamfanoni tana lissafa wannan a matsayin canjin mallaka, sai kulle ya hau. Don haka a rubuta musu a tambaye su ƙarara: kashe wannan tsari zai jawo kullen kwana 60 ko ba zai jawo ba? A ajiye amsar a rubuce.

Hanya mafi sauƙi ita ce a farfaɗo da tsohon imel ɗin ko na mako ɗaya ne, a karɓi lambar izini ta nan, a ɗauke domen, sannan a gyara bayanai a sabon gida. In ba zai farfaɗo ba, a yi canjin imel ɗin yau. Wata uku ya isa kwana 60 su wuce a samu rarar kusan wata guda.

Hajiya_Madina:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Zan ƙara cewa shawarar "kashe ɓoye bayanai tukuna" tsohuwa ce. Da, sabon kamfani yakan ɗauki imel ɗin mai domen daga WHOIS, rumbun bayanan masu domen da kowa ke iya dubawa, ya aika masa takardar amincewa, idan imel na wakili ne saƙon sai ya maƙale a hanya. Daga Mayu 2018, da dokar GDPR ta Turai kan kare bayanan mutane ta fara aiki, yawancin kamfanoni sun ɓoye bayanan kowa, aka kuma daina tilasta wa sabon kamfani wannan takarda idan ba ya iya ganin imel ɗin. Yau lambar izini, wadda ake kira EPP, ita ce mabuɗi. Kamfanin da har yanzu ke cewa sai an kashe, tsarinsa ne na cikin gida, kuma abin haushi ne a biya kuɗin sirri shekara guda sannan a tilasta wa mutum buɗe lambar wayarsa a ƙarshe.

Kafin komai a shiga shafin bincike na ICANN a rubuta sunan domen a duba matsayinsa. Idan an ga clientTransferProhibited, kullen kamfani ne, ana cire shi daga cikin asusu. Bayan an nemi lambar izini, doka ta ba su kwana biyar su ba da ita. Da an saka ta a sabon kamfani an biya, matsayi zai koma pendingTransfer, tsohon kamfani yana da kwana biyar ya amince ko ya ƙi, in ya yi shiru sai canjin ya wuce da kansa. Kwanakin kalanda ne, Juma'a da Asabar suna ciki. A kula da saƙon da za su aiko a wannan tsakani, don wani lokaci maɓallin da ya fi girma a ciki na soke canjin ne. In sun ƙi ba da lambar ba tare da hujja ba, ICANN tana da fom na koke kan wannan.

Ɓoye bayanai ba ya bin domen zuwa sabon wuri. A kunna na sabon kamfani a ranar da aka biya.

Bakano_Jidda:
Allah Ya saka da alheri. Shi shafin fa da imel ɗin ofis, za su tsaya?

Injiniya_Makka:
Canjin kamfani shi kaɗai ba ya taɓa shafi, ɗan'uwa. Abin da ke kashe shi DNS ne, tsarin da ke nuna inda shafin domen da imel ɗinsa suke. Idan sabobin DNS, wato kwamfutocin da ke riƙe da wannan tsari, na tsohon kamfani ne, yana iya rufe su da zarar domen ya bar hannunsa, shafi da imel su ɗauke tare. A kwafe duk bayanan DNS, masu suna A da CNAME da MX da TXT, a kai su wani mai DNS, a sauya sabobin, a jira kwana biyu, sannan a nemi lambar izini. Ana cikin pendingTransfer ba a iya sauya su. MX da TXT aka fi mantawa, kuma su ke riƙe da imel. Idan an kunna DNSSEC, tsarin tsaron DNS, a cire bayaninsa mai suna DS kafin a sauya, in ba haka ba shafin zai ƙi buɗuwa ga mutane da yawa alhali komai yana nan daidai.

Kada kuma a bari wa'adi ya cika domen ya sabunta kansa. Idan aka ɗauke shi cikin kwana 45 bayan irin wannan sabuntawa, shekarar da aka biya wa tsohon kamfani tana iya zubewa. Canjin kamfani da kansa yana ƙara shekara ɗaya.

Bayan an sauka a sabon kamfani za su aiko saƙon tantance imel. In ba a danna ba cikin kwana 15, dakatar da domen ake yi, kuma saƙon yakan faɗa jakar tarkace. Duk wannan na .com da .net da ire-irensu ne. In ofishin yana da .sa, wannan SaudiNIC, mai kula da domen na Saudiyya, ce ke da dokarsa, sai a bi ƙa'idarta dabam.