Wai Ikko ƙauyen masunta ce kafin gyadar Kano?

Ɗan Sabon Titi: Jama'a abin nan ya ishe ni. Da zarar an samu ɗan saɓani a unguwannin Ikko irin su Mile 12 ko Agege sai ka ji ana cewa 'yan Arewa baƙi ne, su tattara nasu ya nasu su koma gida. To wa ya gina Ikkon? Ƙauyen masunta ce fa kafin jirgin ƙasa ya fara sauke mata gyadar Kano. Mai ja ya fito.

Baban Ummi: Ga ni na fito. Ƙauye ka ce? A Nuwambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka kai wa garin hari, mutanen Sarki Kosoko suka kora su da igwa. Sai da suka sake shiri suka dawo a Disamba kafin suka ture shi suka ɗora Akitoye. A 1861 Dosunmu, ɗan Akitoye, ya sa hannu ya miƙa garin. Gyadarka kuwa sai 1912 ta fara tafiya. Shekara sittin tsakani, ɗan'uwa. Wane ƙauye ake janyo wa jiragen yaƙi har sau biyu?

Ɗan Sabon Titi: Ni ba yaƙi na ce ba, arziki na ce.

Baban Ummi: Ƙauye ka ce. Yana nan a sama, ba a goge ba.

Mai Goro: Ku bi a hankali. Masuntan gaskiya ne, Awori ne suka fara zama a Iddo da tsibirin, daga baya masarautar Bini ta kafa sansani. Amma tun ƙarni na 18 garin ya zama babbar kasuwar bayi ta 'yan Fotugal, bayan an hana wannan kuma aka koma manja da ƙwarar kwakwa. Ga Saro da suka dawo daga Saliyo, ga Aguda daga Barazil, Agudan su ne maginan da suka bar salon benayen nan na cikin tsibiri. Masallacin Shitta-Bey ma a 1894 aka buɗe shi. Ƙauye bai yi kama da haka ba.

Hajiyar Idi-Araba: Ku kuma ku daina cewa Ikko kamar zamanin kakanni. Legas ake cewa.

Mai Goro: Haba Hajiya, ai Ikko ta fi kusa da sunan asali. Eko masu garin suke cewa, mu muka juya shi a bakinmu. Legas kalmar 'yan Fotugal ce, ma'anarta tafkuna.

Bawan Allah: Eko ɗin ma ba Yarbanci ba ne, yaren Bini ne, sansanin yaƙi ke nan.

Hajiyar Idi-Araba: Je ka Isale Eko, tsohuwar unguwar masu garin, ka faɗi haka da ƙarfi mu gani. Su cewa suke daga oko ne, wato gona.

Injiniya: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba gyada ce kaɗai ba, ba kuma Kosoko ba ne, bakin ruwan ne. Inda tafkin Ikko ya haɗu da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa wanda igiya ke ta matsar da shi, yau nan gobe can. Babban jirgi ba ya iya shiga. Ko ya tsaya can waje a yi ta jidar kaya da ƙananan jirage, ko ya wuce tashar Forcados ta yankin Neja Delta a sauke a sake lodawa a dawo da shi. Ɗauka biyu, kuɗi biyu, ga asarar abin da ya faɗa ruwa. Maganin da aka yi shi ne aka jera manyan duwatsu aka yi katanga biyu masu shiga cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, dutsen ana kawo shi ta jirgin ƙasa daga wajajen Abekuta. Da aka matse hanyar sai ruwan da ke fita ya ƙara ƙarfi yana share yashin da kansa, ana kuma taimaka masa da yasa. A 1914 babban jirgin teku ya fara shiga ciki. Daga nan aka gina matsayar jirage ta Apapa a shekarun 1920. Illar kuma ita ce yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangar yamma ta tare shi, ya taru a can, gefen gabas ya rasa mai cike masa gurbi, shi ya sa teku ta yi shekaru tana cinye gaɓar Bar Beach, inda yanzu ake cikewa ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Ɗan Sabon Titi: Madalla Injiniya! Ka ga ke nan don gyadarmu aka buɗe bakin ruwan.

Injiniya: Ban ce haka ba. An fara aikin kafin layin dogo ya isa Kano. Turawan ma auduga suka sa rai za ta fito daga Arewa, manoman Kano ne suka ga gyada ta fi kuɗi kuma ko ba a saya ba za a ci. Sannan kafin a gama gadar Jebba, sai an ɗora taragai a kan jirgin fito an tsallaka Kwara da su.

Bawan Allah: Amma dai maganar baƙunta ba ta taso ba. Tun 1863 Baturen mulki Gilova ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, daga bayin da suka gudo, ita ce tushen sojan Najeriya. Unguwar Obalende ma sojojin Hausawa aka zaunar a wurin.

Na Gidan Sarki: Su wa kake kira bayi? Ka iya bakinka Malam.

Bawan Allah: Ranka ya daɗe, mutanen da aka kama aka sayar suka kuɓuta, me zan kira su?

Na Gidan Sarki: Ka ce mayaƙa. Irinku ne ke ba wa na waje sandar dukanmu.

Hajiyar Idi-Araba: To fa, an zo wurin.

Baban Ummi: Ni har yanzu ina jiran a janye kalmar ƙauye.

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, za a rufe. Abin da aka tattara: Hausawa suna Ikko tun kafin a haɗa Najeriya a 1914, su suka tsare ta, kayan Arewa kuma su suka cika tashar Apapa. Saboda haka maganar Ɗan Sabon Titi ta tsaya, illa ɗan tuntuɓen harshe da ba sai an tsaya a kai ba. Injiniya mun gode, duk da dai bayanin yashin ya yi tsawo.

Baban Ummi: Tuntuɓen harshe? Ina 1851 ɗin da na kawo, Malam? Ko ba ka gangaro ta wurin ba?