Yaro yana biyayya a gaban uba, a bayan ido kuma sai abin da ya ga dama: ina gyaran yake?

Mai Neman Haske:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Tambayata a kan gidajen da uba yake tsaye ne a kan tarbiyya: ana zuwa sujada kowace Lahadi, yara suna durƙusawa su gai da manya, amma uban na ba da baya sai hali ya sake. Da yawa cikin irin yaran nan, in sun kai shekara 15 ko 16, sukan yi sanyi da addu'a, har a ji suna cewa Allah jira kawai yake mutum ya yi kuskure ya hukunta shi. Afisawa 6:1 ta ce 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya, aya ta 4 kuma ta hana uba tsokanar 'ya'yansa har su yi fushi. Yaya uba zai riƙe biyun nan tare? Ina roƙon bayani dalla-dalla, abin da za a iya farawa da shi a gida, ba wa'azi kaɗai ba.

Dattijon Ikilisiya:

Ɗana, abin da ka kwatanta ladabi ne, ba biyayya ba. Mun saba haɗa su a baki ɗaya, “ladabi da biyayya”, amma ba abu ɗaya ba ne. Ladabi a jiki yake: durƙuso, sunkuyar da kai, karɓar abu da hannu biyu. Tsoro kaɗai ya isa ya haifar da shi. Biyayya kuwa Hausa ta riga ta ba ta sunanta na gaskiya, wato jin magana. Haka yake a harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su. A 1 Sama'ila 15:22, inda Sama'ila ya gaya wa Saul cewa biyayya ta fi hadaya, kalmar Ibraniyanci da ke wurin ita ce ta “ji”. Kalmar Helenanci ta Afisawa 6:1 ma daga “ji” aka gina ta. Yaro kuwa ba ya jin maganar wanda bai amince da shi ba. Zai ji tsawarsa, amma ba zai ji maganarsa ba.

Dubi yadda Allah da kansa ya jera abin. Kafin doka ta fari a Fitowa 20, aya ta 2 ta fara ne da tuna wa Isra'ila wanda ya fisshe su daga bautar Masar. Ceto ya riga doka. A bakin Urdun ma, muryar Uba ta kira Yesu ƙaunataccen Ɗa wanda yake jin daɗinsa (Matiyu 3:17) tun bai yi mu'ujiza ko ɗaya ba. Uban da ba ya buɗe baki ga ɗansa sai ranar laifi ya juya tsarin nan, kuma yaron zai ɗauki hoton ya liƙa wa Allah, domin sunan ɗaya ne: Uba.

A aikace, a fara da rage dokoki. Gida ba ya bukatar doka ashirin. Huɗu ko biyar sun isa a tsaya a kansu: ba ƙarya, ba ɗaukar abin wani, ba zagi ko duka tsakanin 'yan'uwa, lokacin dawowa gida, da aikin da aka ba kowa. Uba da uwa su daidaita a kansu tukuna a ɗaki, sa'an nan a faɗa wa yara a zaune, lokacin da ba wanda ya yi laifi, tare da abin da zai biyo baya in an karya. Dokar da aka kafa cikin fushi ita ce mafi haɗari. Saul ya rantse a tsakiyar yaƙi cewa kada kowa ya ci abinci sai yamma, ɗansa Jonatan bai ji ba ya lasi zuma, saura kaɗan uban ya kashe ɗansa a kan dokar da shi ya ƙaga, sai da jama'a suka tsaya (1 Sama'ila 14:24-45).

Sa'an nan yadda ake ba da umarni. Kada a yi shi daga nesa da ihu. A kira yaro da sunansa, ya zo, a faɗi abu ɗaya, ya maimaita da bakinsa. Ƙaramin yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 ba kullum yake riƙe saƙo uku a lokaci guda ba, kuma sau da yawa abin da ake kira taurin kai mantuwa ce. Daga shekara 7 a riƙa haɗa umarni da dalili a taƙaice. Daga 13 a bar shi ya yi tambaya, ya kuma faɗi ra'ayinsa cikin ladabi kafin a yanke magana. Uban da bai canza salo ba tsakanin ɗan shekara 5 da ɗan 15, shi ne yake samun mai biyayyar ganin ido.

Malamar Makarantar Lahadi:

Baba Dattijo ya faɗi tushe. Bari in ƙara da addu'ar iyali, domin a nan ne yara suke haɗa fuskar uba da sunan Allah kowace rana.

Minti 10 zuwa 15 ya isa in akwai ƙanana. A tsai da lokaci ɗaya, ko da asuba kafin shirin makaranta ko bayan tuwon dare kafin barci ya kama su. Waƙa ɗaya da kowa ya iya. Karatu aya 10 zuwa 15, yaran da suka iya karatu su riƙa karɓa-karɓa. Bisharar Markus ta dace da farawa: sura 16 ce, labarinta yana tafiya da sauri, da wannan awo za a gama ta cikin wata biyu. Bayan karatu uba ya yi tambaya biyu kawai, me ya faru a nan, me wannan ya nuna mana game da Allah, ya kuma yi haƙuri ya jira amsa. Sa'an nan addu'a gajera, kowane yaro jimla ɗaya ko biyu, uba ya rufe yana ambaton kowa da suna. A karanta da harshen da yaran suka fi ji. In Hausa ce a bakinsu, a buɗe na Hausa, ko da uba ya fi sabawa da na Turanci.

Inda abin yake lalacewa wuri uku ne. Na fari, a mai da zaman kotu. Uba ya tara laifin yini, ya zaɓi ayar da ta dace da mai laifi, ya yi masa hannunka mai sanda a cikin addu'a a gaban ƙannensa. Yaron da aka yi wa haka sau biyu zai riƙa jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka ɗauko Littafi. Laifi yana da nasa lokaci, ba wannan ba. Na biyu, tsawo: minti 45 na wa'azi ga ɗan shekara 6 yana koya masa ne kawai yadda ake barci a zaune. Na uku, a bar wa uwa duka, uba yana waje da waya ko rediyo. Yara maza musamman sukan karanta wannan da cewa addu'a aikin mata da yara ne, in sun girma su ma su ajiye.

Akwai kuma wani abu namu da ba a cika faɗa ba, wato alkunya. A gidaje da yawa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Al'ada ce mai asali a cikin kawaici, ban ce a zubar da ita a tsakar gida ba. Amma in yaro bai taɓa ji daga bakin ubansa cewa ana ƙaunarsa ba, ko a keɓe, Romawa 8:15 da take cewa muna kira “Abba, Uba” za ta zame masa baƙuwar magana. A sami minti goma a mako da kowane yaro shi kaɗai, a hanyar gona ko ta kasuwa, a tambaye shi, a saurara.

Mai Bishara a Karkara:

Mama, na yarda da yawancin maganarki, amma ina tsoron kada masu karatu su ɗauka cewa lallashi ne kawai. Matsalar gidaje da yawa yau ba tsanani ba ne, sakaci ne. Eli firist ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas magana (1 Sama'ila 2:23-25), magana mai kyau ma, amma bai tsai da su ba, suka ci gaba da aikin firist suna ɓarna. Allah ya tuhume shi da girmama 'ya'yansa fiye da Allah (2:29), da kuma sanin laifinsu bai hana su ba (3:13). An rubuta a kan Dawuda cewa bai taɓa tsauta wa Adonija ya tambaye shi don me ya yi kaza ba (1 Sarakuna 1:6), ɗan kuwa ya tashi neman sarauta uban yana da rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin Magana 13:24 kuma, mai maganar horon ɗa da sanda, tana nan, ba a share ta ba. To ina matsayin horo?

Tsohon Fasto:

Malam, horo yana nan daram, Ibraniyawa 12:6 ma ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Amma a karanta har aya ta 10: iyayenmu sun hore mu yadda suka ga dama, shi kuwa don amfaninmu. Wannan ne ma'aunin. Horon da uba ya yi don ya huce, ko don an kunyata shi a gaban baƙi, don kansa ya yi.

Ga yadda ya kamata ya tafi. A fara rarrabe abu uku: kuskure, kamar fasa kwano, mantuwa ko ƙuruciya, da kuma gangancin ƙin magana. Na ukun ne kaɗai yake bukatar hukunci, sauran koyarwa suke so. In zuciya ta tashi, a dakata, ko da rabin awa ne, gama fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah (Yakubu 1:20). A kira yaro a keɓe, ba a gaban abokansa ko ƙannensa ba. A tambaye shi abin da ya faru, a bar shi ya gama. Ya faɗi da bakinsa dokar da ya karya. Hukuncin ya yi kama da laifin: wanda ya ɗauki kuɗi ya biya da aiki ko daga abin da ake ba shi, ya kuma nemi gafara ido da ido; wanda ya wuce lokacin dawowa ya rasa fita kwana biyu ko uku; wanda ya yi ɓarna da waya a karɓe ta mako guda, a faɗa masa ranar da za a mayar, a kuma cika. Kada a hana abinci, kada a kore shi ya kwana a waje, kada a zage shi da “ba za ka yi albarka ba”. Bakin uba yana da nauyi, yaro yakan ɗauki irin kalmar nan har tsufa.

Game da bulala, wadda ta bar tabo ko rauni, ko wadda aka yi da wayar wuta, da mari a fuska, wannan cuta ce, ba ayar da ta rufe ta. Ga saurayi ɗan shekara 14 kuma duka ba ya haifar da komai sai ƙwarewa a ɓoye laifi, abin da mai tambaya ya kawo ke nan. Kolosiyawa 3:21 ta faɗi sakamakon: yaro ya karai.

Matakin da aka fi mantawa shi ne rufewa. In an gama hukunci, magana ta ƙare a ranar. A yi addu'a tare, a ci abinci tare, kada a tono ta bayan wata uku. Uban da yake gaba da ɗansa mako guda yana koya masa cewa gafarar Allah ma sai an sha wuya ake samunta. A Luka 15, cikin misalin ɓataccen ɗa, uban ya hango ƙaramin ɗan daga nesa yana dawowa ya sheƙa a guje. Babban kuwa, wanda ya ce shekara da shekaru yana bauta bai taɓa ƙetare umarni ba (aya ta 29), shi ne ya tsaya a waje ya ƙi shiga. Biyayyarsa ta bawa ce, bai san zuciyar ubansa ba, uban kuma ya fito ya lallashe shi kamar yadda ya fito wa ƙanen.

Uba shi ma ɗa ne a ƙarƙashin Uba, yara kuma suna lura da tasa biyayyar. Wanda ya aiki yaro ya ce wa mai bin bashi “Baba ba ya nan” ya rushe dokar ƙarya da hannunsa. In uba ya hukunta yaro bisa kuskure, ya kira shi ya ce, “Na yi maka ba daidai ba, ka gafarta mini.” Girmansa ba ya raguwa, a nan ne ma yaron yake fara ganin yadda ake tuba.

Mai Neman Haske:

Na gode, iyayena. Saura ɗaya, Baba Fasto: ina iyakar biyayyar? In uba ya umarci ɗa da abin da bai dace ba, ko ɗan ya girma ya yi aure?

Tsohon Fasto:

Afisawa 6:1 da kanta ta sa iyaka da ta ce “cikin Ubangiji”. In umarnin na yin ƙarya ne, ko satar jarrabawa, ko zuwa wurin boka, Ayyukan Manzanni 5:29 ce take aiki, Allah ake bi. Jonatan ya ƙi umarnin Saul na kashe Dawuda (1 Sama'ila 19:1-6), amma bai zagi ubansa ba, ya je ya yi masa magana, ya kuma tsaya tare da shi har ranar da suka mutu a Dutsen Gilbowa. Ɗa ya ƙi abin cikin ladabi, ya faɗi dalili sau ɗaya, in abin ya yi zafi ya nemi uwa, ko baffa, ko dattijon ikilisiya su shiga tsakani.

Wanda ya yi aure kuwa ya kafa gidansa (Farawa 2:24). Umarnin yau da kullum ya ƙare, girmamawa ta Fitowa 20:12 ba ta ƙarewa: gaisuwa, neman shawara kafin babban al'amari, abinci da magani in tsufa ya zo. Yesu ya tsauta wa masu fakewa da cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah don kada su taimaki iyayensu (Markus 7:9-13). Shi kuma uba ya fara sakin igiya tun ɗan yana shekara 16 ko 17: ya ba shi kuɗin cefane ya kawo lissafi, ya bar masa kunya biyu ko uku a gona ya noma da kansa, ya sa shi ya bi da addu'ar iyali sau ɗaya a mako.